Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malaman Nazarin Sadarwa na Jami'o'in Kano

Zuwa ga shugabannin tsangayoyi da na sassa, da farfesoshi da daktocin da ke duba kundayen digiri na biyu da na uku a fannin sadarwa a jami'o'in birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai.

Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malamansa, ina roƙon a yi haƙuri da karambanina. Ni tsohon ma'aikacin rediyo ne. Na fara shirya shirye-shirye da Hausa tun zamanin da ake yanka zaren faifai da reza a liƙe da salatif, na bari a zamanin da yaro ke haɗa shiri sukutum a wayarsa yana kwance. Da furfura ta fara fitowa sai na koma aji na yi digiri na biyu a wata jami'a da ba a jihar nan take ba. Abin da na gani a can, da abin da nake gani a kundayen da 'ya'yan abokaina ke kawo mini in duba musu kafin su kai wa mai duba aikinsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da aka ce kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai, na kai wanda ya daɗe yana cina: yadda ake sanar da mutuwa a gidajen Kano. Kowa a cikinku ya san abin da nake nufi. Ana buga wa ɗa waya yana Legas a ce masa jikin Baba ya yi tsanani, ya yi ƙoƙari ya taho, alhali ana can ana haƙa kabari. Shi ma ɗan ya gane, amma ba zai tambaya ba, kuma wanda ya kira ya san ya gane. Akwai wanda ya dace ya faɗa, akwai wanda in ya faɗa an yi abin kunya. Ana zaɓar lokaci, ana fara jan salati, a ce rai ya yi halinsa, a ce wane ya riga mu gidan gaskiya. Yau kuwa kafin a gama shawarar wanda zai je ya sanar da uwa, wani ɗan ƙanin mamacin ya riga ya ɗora hoto a Facebook. Ina so in san me wannan sauyi ya yi wa gidaje, wa ke jin an ci masa fuska, wace sabuwar ƙa'ida mutane ke ƙirƙira don kare tsohuwar. Malamin da na kai wa, mutumin kirki ne, ya karanta ya yi murmushi. Ya ce, "Alhaji, wannan ai na Sashen Hausa ne. Ina kafar yaɗa labaran a ciki? Wane ra'i za ka ɗora shi a kai?" Na koma na kawo wani: ra'ayin masu sauraro game da shirye-shiryen lafiya a rediyo. Nan take aka amince.

Na raba takardar tambayoyi 400. Kun san daga ina adadin ya fito: lissafin Taro Yamane ne, wanda in jama'a suka yi yawa, ko miliyan ɗaya ne ko miliyan goma, kusan 400 ɗin zai ba ka. Na tsara tambayoyin da Turanci, na fassara su da baki a ƙofar gidajen mutane. Na ga yadda dattijo ke dubana, ni baƙon da ya yi sallama ya tsuguna, in tambaye shi ko ya yarda ƙwarai, ko ya yarda kawai, ko bai yarda ba, cewa shirin rediyo ya ƙara masa sani kan zazzaɓin cizon sauro. Me zai ce? Ya ce ƙwarai kuwa, Allah ya yi albarka. Bahaushe ba ya kunyata baƙo a ƙofar gidansa kan abin da bai kai ya kawo ba. Na zuba amsoshin a SPSS, manhajar lissafin ƙididdiga ta kwamfuta, jadawali ya fito fes, na kare kundi aka tafa mini. Ni kaɗai na san cewa yawancin abin da na auna alkunya ce, na sa mata sunan tasirin rediyo.

Ba raina ilimin da kuka gina nake yi ba, Allah ya kiyaye. Sashen Koyon Aikin Jarida na Jami'ar Bayero tun 1978 yake yaye mutane, ya girma har ya zama tsangaya mai zaman kanta, kuma da wuya ka shiga ɗakin labarai a Arewa, ko sashen Hausa na BBC, DW da Muryar Amurka, ba ka tarar da wanda ya sha daga wannan rijiya ba. Na san kuma akwai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da suka ɗauki finafinan Hausa da littattafan soyayya da muhimmanci tun lokacin da ake ganin nazarinsu zubar da girma ne. Hanyar an share ta. Kukana shi ne ɗaliban da ke binta ba su da yawa, kuma tsarin karatun gaba da digiri yana tura su wata hanyar daban.

Ku dubi babi na biyu, na bitar ayyukan magabata, na kowane kundi goma da ke kan teburinku. Lasswell da tambayarsa ta 1948, wa ya ce me, ta wace kafa, ga wa, da wane tasiri. McCombs da Shaw da ra'insu na cewa kafafen labarai ke zaɓa wa jama'a abin da za su tattauna, wanda suka gina a kan hira da masu zaɓe 100 a garin Chapel Hill lokacin zaɓen Amurka na 1968. Rogers da yaɗuwar sababbin abubuwa, wanda tushensa manoman masara ne a jihar Ayowa. Duk ilimi ne na gaske, kuma dole ɗalibi ya san shi. Amma ku lura da yadda mutanen nan suka samo shi: garinsu suka duba. Abin ban dariya ma, Lazarsfeld da abokan aikinsa da suka je wata gunduma a jihar Ohayo a 1940 don auna ƙarfin rediyo da jarida a kan masu zaɓe, abin da suka tarar shi ne maganar maƙwabci da ɗan'uwa ta fi tasiri. Wato tun farkon fannin an nuna mana cewa a koma bakin mutane. Mu sai muka haddace sakamakon muka bar aikin.

Ga garin da kuke zaune a cikinsa. A Kantin Kwari ana ɗaukar kayan miliyoyi a kan kalma, ba takarda ba sa hannu. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", kalmar alheri ce amma ma'anarta ban sayar ba. Dillali yana tsakiya yana sassauta maganar wannan kafin ya kai wa wancan, yana kiyaye mutuncin kowa har a sallama, ya karɓi la'adarsa. A fada Sarki ba ya ɗaga murya. Kai ka faɗi gaisuwa, fadawa su amsa maka, kuma wanda ya san fada yana gane matsayinsa daga irin amsar da aka ba shi. A cikin gida uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruka da surukinta suna iya shekara ba su haɗa ido ba amma saƙo yana wucewa tsakaninsu ta bakin yara. Kishiya ta yi wa kaza faɗa a tsakar gida, wadda aka yi dominta ta ji a ɗaka. Bakano ya gaya wa Bazazzagi maganar da in wani ne ya faɗa sai an raba su, su kuwa su tashi da dariya. Habaici, zambo, gugar zana, zaurance, kirari, barkwancin taubasai, da kalmar "to" wadda na taɓa zama na ƙirga mata ma'ana har na gaji: akwai ta amincewa, akwai ta gargaɗi, akwai ta na ji amma ba zan yi ba, akwai ta tashi ka ba ni wuri. Idan wannan duka ba sadarwar ɗan'adam ba ce, to mece ce?

Za a ce ai masana harshe da adabi sun yi aiki a kansu. Sun yi, Allah ya saka musu. Amma tambayarsu daban, taku daban. Mai nazarin adabi yana duba ginin habaici da adonsa. Ku ne za ku tambayi me habaicin ya aikata, wa ya ji, me ya canja bayan an yi shi, kuma me ke faruwa da shi idan ya bar tsakar gida ya hau TikTok inda dubban da ba a yi domin su ba za su ji.

Kuma wannan ba nishaɗin masana ba ne, mun ga ranar da rashin saninsa ya ci rayuka. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan, ba a dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Masu tsara saƙo daga nesa suka ɗauka jahilci ne, suka ƙara yawan sanarwa a rediyo, mu kuma muka yi ta sakawa. Mutane kuwa suna tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kusan 200 a garin nan. Suna kuma tambayar da babu sanarwar da ta amsa: me ya sa maganin da ban nema ba ake biyo ni da shi har gida kyauta, wanda nake nema a asibiti kuwa sai na saya? Ma'aikaciyar rigakafi ta yi sallama, a ce mata maigidan ba ya nan, ko yaran suna barci, ko a dawo gobe in Allah ya kai mu. Duk wanda ya tashi a Kano ya san an ba ta amsa. A takarda kuwa sai a rubuta ba a samu yaro a gida ba. Abin bai warware sosai ba sai da aka bi ta hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai da limamai, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi, aka ɗauki matan unguwa da ake jin nauyinsu suna shiga gida su zauna a kan tabarma. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Shekarun nan cike suke da darasin da duniya za ta zo ta koya a wurinku: me matan nan suka faɗa a kan tabarma, da wace kalma suka fara, yaushe suka yi shiru. Da yawansu suna raye a Fagge da Dala da Gwale da Kurna. Tsufa suke yi.

Haka daren nan na watan Agusta 2014, lokacin fargabar Ebola, da waya ta yi ta ƙara kafin asuba ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ni yayata ce ta tashe ni, ita kuma ƙawarta ce ta kira ta. Na yi shekaru ina aikin tantance labari, amma sai da na tsaya a bakin banɗaki ina tunani, saboda muryar Yaya ce, kuma ba a yi wa Yaya gardama da tsakar dare. Ba daga rediyo na ji wannan ba. Zumunci ne ya ɗauke shi. Yau hanyar nan ta zama saƙon murya a WhatsApp, wanda ya dace da mu fiye da rubutu don mu masu baki ne. Ana yanko daƙiƙa talatin daga karatun malami na awa biyu, a raba, gari ya kama da wuta. Ɗalibin da zai fahimci wannan sai ya zauna a cikin zauren WhatsApp na dangi ɗaya, da izininsu, ya ga wa ke turawa, wa ke jin kunyar ƙaryatawa, wa ake saurara idan ya ce a bari. Takardar tambayoyi ba za ta gaya masa ba.

Ina ganin dama tana hannunku yanzu fiye da kowane lokaci. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba tsohon kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, har da nazarin sadarwa don ci gaban al'umma. A sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 kuma ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Na san wannan na digirin farko ne, amma daga nan ake shuka, kuma a matakin digiri na biyu da na uku majalisun jami'o'inku suna da faɗa a ji sosai. Gidajen nan bakwai, in ka duba, yawancinsu sunayen sana'o'i ne da na'urori: jarida, talla, hulɗa da jama'a, rediyo da talabijin, fim. Magana tsakanin mutum da mutum, wadda ita ce uwar dukkansu, ba ta samu ɗaki nata ba. Ku ba ta ɗaki a karatun gaba da digiri. Ku koya wa ɗalibi zama da sauraro a matsayin hanyar bincike mai cikakken daraja: ya zaɓi rumfa ɗaya a Kurmi, ko teburin mai shayi ɗaya, ko ɗakin awon ciki ɗaya, ko zauren sulhu ɗaya, ya yi wata shida yana zuwa har a daina ganinsa baƙo, ya naɗi magana da yardar masu ita, ya rubuta ta kalma bayan kalma har da inda aka yi shiru da inda aka yi gyaran murya. Dell Hymes ya sa wa irin wannan aiki suna tun 1962, don haka mai neman sunan Bature a babi na uku, na hanyar bincike, ma ba zai rasa ba. Namu kuma, marigayi Frank Ugboajah na Jami'ar Legas, ya daɗe da jan hankali zuwa ga kafofin baka na gargajiya.

Akwai wata taska kuma da nake mamakin yadda ba ta shiga ajin sadarwa. Tun kafin a haifi Lasswell malaman zaure a garin nan suna karantar da balaga, suna biya Jauharul Maknun da Uƙudul Juman, suna koyar da cewa ƙwarewar magana ita ce ta dace da halin da ake ciki, cewa yadda za ka gaya wa wanda bai sani ba daban da yadda za ka gaya wa mai kokwanto, daban kuma da mai musu. Wannan ra'i ne na sadarwa, cikakke, mai rassa. Mai wa'azin da ke juya dubban mutane a tafsirin azumi da shi aka rene shi. Ɗalibin da zai nazarci wa'azi bai san balaga ba kamar mai auna hatsi ne da kwanon da ba na kasuwar ba. Ku haɗa mai duba aiki daga sadarwa da wani daga Larabci, ko harsunan Nijeriya, ko kwalejin likitanci. A asibiti kaɗai akwai aikin shekara goma: mace ta ce tana da sanyi, likita ya rubuta abin da ya fahimta, alhali kalmar tana ɗauke da cututtuka barkatai, nas ta tambayi sunan yaro uwa ta sunkuyar da kai, a ɗauka taurin kai ne, ba a san ɗan fari ba ne. Ga kurame da maganar hannu, harshe cikakke da suke yi a garin nan, wanda sai da wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zo ta zauna da su ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000.

Sai maganar harshen rubutu, wadda na san za ta fi jawo mini harara. A sassan harsunan Nijeriya ana rubuta kundin digiri na uku da Hausa, ana kare shi da Hausa, kuma sama ba ta faɗo ba. A fannin sadarwa kuwa ɗalibi zai yi hira da Hausa, ya yi tunani da Hausa, sannan ya murɗe komai ya mayar Turanci, a nan rabin ma'anar ke zubewa. Fassara mini "kunya" da kalma ɗaya ta Turanci in gani. Na san uzurinku, kuma ba na banza ba ne: ƙarin girma yana bin mujallun ƙasashen waje, mai jarrabawa na waje ba lalle ya ji Hausa ba, ɗalibi kuma yana son takardar da za ta yi masa amfani a ko'ina. To ko ba a kai ga rubuta kundi duka da Hausa ba, a wajabta kawo maganar mutane yadda suka faɗe ta, fassara ta biyo baya. A kuma wajabta wa ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ya gano da Hausa, ya koma ya karanta wa waɗanda ya yi bincike a kansu. Wanda ya nazarci sojojin baka ya tara su ya gaya musu abin da ya fahimta game da sana'arsu. Na rantse zai sha tambayoyin da suka fi na zauren kare kundi zafi, kuma in ya yi ƙarya a wurin za a kama shi.

Na san yawancin ɗalibanku ma'aikata ne masu iyali, suna zuwa aji Juma'a da Asabar, kuɗin makaranta daga albashi. Zaman wata shida a kasuwa ya fi raba takarda tsada da wahala, shi ya sa kowa ke gudunsa. Amma ɗalibin Kano yana da abin da baƙon mai bincike ke kashe shekaru da daloli yana nema: harshen nasa ne, unguwar tasu ce, an san ubansa. Abin da ya rage masa shi ne mai duba aikin da zai ce masa je ka, wannan ma ilimi ne. Kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma ba a rubuta a jikinsa cewa sai mai jadawali ba.

Abu na ƙarshe da ke hana ni barci shi ne muryoyin da ke ruɓewa. Rediyon Kano, da CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wadda yanzu take ARTV, da Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da tashoshi masu zaman kansu tun daga Freedom a 2003, sun naɗi yadda Bahaushe ke gardama da lallashi da roƙo da ba'a na tsawon shekaru masu yawa. Jawaban Malam Aminu Kano, da na Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule wanda ya rasu a 2017, kowannensu ya isa a yi kundaye a kan yadda yake ɗaukar taro ya sauke. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura irin namu. Jami'a ce ta fi dacewa ta tattara su ta mayar cikin kwamfuta, ta buɗe wa ɗalibai.

Ni kaina ina da kwali uku a ƙarƙashin gado, hirarrakin da na yi da kuɗina a kan rikodata: sanƙira, dillaliya, wanzami, mai shela, da wata tsohuwar unguwarzoma da ta yi mini bayanin yadda ake gaya wa miji cewa abin da aka haifa bai zo da rai ba. Uwargida ta ba ni wa'adin bayan Babbar Salla in san inda zan kai su. Wasu sun fara cin zare, amma yawancinsu suna magana. Duk sashen da ya shirya karɓa, ya turo ɗalibi ɗaya mai haƙuri da rikodar da ke aiki, zan zauna da shi in gaya masa wane ne ke magana a kowane kaset, da shekarar, da abin da aka ce kada in saka a iska.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da basira. Wassalam.

Ɗalibinku,
wani tsohon mai shirya shirye-shiryen rediyo,
Gwammaja, Kano.